Sayyidina Umar, halifan da aka soka a sallar Asuba

'Yan'uwa, tunda ana ta maganar ko a riƙa shigowa masallaci da makami don kare kai, wannan Juma'ar mun kawo muku tarihin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA).

Baƙuraishe ne, haifaffen Makka, ɗan kasuwa kamar mu. Ya gaji Sayyidina Abubakar a shekara ta 13 bayan Hijira, ya yi shekara goma yana halifanci. A zamaninsa Ƙudus da Masar suka shigo hannun Musulmi, kuma shi ya kafa lissafin Hijira. Duk da wannan mulki ba shi da dogari, da kansa yake zaga Madina da dare.

A Zulhajjin shekara ta 23, yana jan sallar Asuba, Abu Lu'lu'a ya soke shi da wuƙa, ya bi sahu ya sossoki mutum 13, bakwai suka rasu. Ba takobi ne ya tsayar da shi ba, wani ne ya jefa masa alkyabba ya lulluɓe shi. Abdurrahman ɗan Aufu ya ƙarasa sallar. Bayan 'yan kwanaki Umar ya cika.

Cikin zafin rai, ɗansa Ubaidullahi ya ɗauki takobi ya kashe mutum uku ba tare da shari'a ba, har da 'yar Abu Lu'lu'a. Wannan ta zama shari'ar farko da ta tari Sayyidina Usman.

Don haka mu sa masu lura a ƙofa, mu san baƙon fuska, mu sanar da 'yan sanda. Makami a hannun mai fushi kuwa, marar laifi yake ci. Allah Ya tsare mu, amin.