Kathleen Clark, Malamar Masu Ɗaukar Hoton Ƙirji

Duk wanda aka taɓa yi wa hoton ƙirji a asibiti ya san yadda ake tsayar da mutum: ƙirji a jikin allo, haɓa sama, hannuwa a ƙugu, a ja numfashi a riƙe. Wata 'yar Ingila mai suna Kathleen Clara Clark ce ta tattara waɗannan ƙa'idodi cikin littafi.

An haife ta a 1896. A 1921 ta ci jarrabawar ƙungiyar masu ɗaukar hoton eksire, a 1927 kuma ta kafa makarantar koyon aikin a asibitin Royal Northern da ke Landan. Ita ce mace ta fari da ta shugabanci ƙungiyar, a 1935.

Littafinta, Positioning in Radiography, ya fito a 1939. A ciki ta nuna da hotuna yadda za a ajiye majiyyaci, tun daga ƙoƙon kai har ƙafa. Abin ba wasa ba ne. In mutum ya ɗan karkace, zuciya takan fito kamar ta kumbura, ko tsagewar ƙashin kai ta ɓuya, likita ya ruɗe. Dole a sake hoton, majiyyaci ya ƙara shan hasken da yawansa ke da illa. Shi ya sa ake duba ko ƙasusuwan nan biyu na ƙasan wuya sun sa ƙashin baya a tsakiya daidai.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta yi aikin ɗaukar hoton ƙirjin jama'a don gano tarin fuka. Ta rasu a 1968, amma an ci gaba da sabunta littafin da sunanta.