Malam Shu'aibu Ɗan Makaho Da Ƙarshen Garin Satiru

Daga cikin mutanen da suka yi wa mulkin Turawa tsayayya a ƙasar Hausa, kaɗan ne suka firgita hukuma kamar Malam Shu'aibu, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho. Ba sarki ba ne, ba kuma ɗan sarki ba. Malami ne makaho daga ƙasar Zabarma, wadda a lokacin take hannun Turawan Faransa.

Sunansa ya fara fitowa ne a shekarar 1905, a wani ƙauye da ake kira Kobkitanda a yankin Doso, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. A can ya riƙa wa'azi cewa bayyanar Mahadi ta kusa, yana hana jama'a biyan haraji ga Nasara. Talakawa da haraji da aikin tilas suka gallaba suka yi ta taruwa wurinsa. A farkon watan Janairu na 1906 sojojin Faransa, tare da taimakon Zarmakoi na Doso, suka fasa taron. Malam Shu'aibu ya tsira, ya ƙetara iyaka ya nufi ƙasar Sakkwato.

Inda ya sauka shi ne Satiru, wani gari mai nisan kamar mil 14 kudu da birnin Sakkwato. Mazaunansa manoma ne da almajirai, da kuma bayi masu yawa da suka gudo daga iyayengijinsu. Dama garin ba baƙon wannan magana ba ne, domin a 1904 shugabansu ya yi da'awar Mahadanci, aka kama shi, ya rasu a tsare. Ɗansa Malam Isa ne ya karɓi baƙon hannu biyu.

Ran 14 ga watan Fabrairu, 1906, Muƙaddashin Razdan na Sakkwato, Mista Hillary, ya fita da sojan doki don ya kamo shugabannin garin. Mutanen Satiru suka auka musu da gatura da fartanya da baka. Kafin sojoji su daidaita sahu an kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Laftana Blackwood da sojoji 25, aka kuma ƙwace bindiga mai ruwa. Malam Isa ya sami rauni ya rasu, ragamar jama'a ta koma hannun makahon baƙo.

Sai mai karatu ya tuna cewa shekara uku ke nan kacal da cin Sakkwato. Gwamna Lugga ya san sojojinsa kaɗan ne, in sarakuna suka goyi bayan Satiru mulkinsa ya ƙare. Ba su goya ba. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu da manyan fadarsa sun ɗauki al'amarin a matsayin tawaye ga sarautarsu su ma, musamman da yake bayinsu na cikin masu tawayen.

Ran 10 ga watan Maris rundunar Manjo Goodwin ta isa Satiru, mahayan Sakkwato na biye. Abin da ya faru ranar ya wuce a kira shi yaƙi. An kiyasta mutum wajen 2,000 aka kashe, da yawansu suna cikin gudu a daji aka bi su. Mata da yara kimanin 3,000 aka kora zuwa Sakkwato. Laifin akasarinsu bai wuce zama a garin da ya sauki Malam Shu'aibu ba. Shi kansa an kama shi da rai, aka yi masa shari'a a gaban Sarkin Musulmi, aka kashe shi a kasuwar Sakkwato a bainar jama'a, aka kuma yanke wa wasu manyan mabiyansa irin wannan hukunci.

Labarin ya kai Ingila, har Winston Churchill, wanda a lokacin yake ƙaramin minista a ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka, ya nuna rashin jin daɗinsa da kisan mutanen da kusan ba su da makami. Ba a hukunta kowa ba. Sarakunan da aka zarga da jan ƙafa su ne suka ɗanɗana kuɗarsu: a cikin wannan shekara aka tuɓe Sarkin Gwandu da Sarkin Katsina Yero. Satiru kuwa aka rushe shi ƙurmus, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin.