Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Jama'ar Ƙonni, Malbaza da Illela, da ƴan uwa na ƙetare da ke bin wannan shafi, yau a filin tarihin magabata mun ɗauko rayuwar Farfesa Abdou Moumouni Dioffo. Da yawa sun san sunan saboda jami'ar Yamai, amma kaɗan ne suka san aikin da ya sa aka laƙaba mata shi.

An haife shi a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929, asalin gidansu kuwa Kirtashi ne, a ƙasar Zabarma. Ya yi lakwal a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty ta Senegal, daga nan sai Paris. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin fizik, kuma shi ne na farko da ya yi haka cikin ƴan Afirka baƙar fata renon Faransa.

Da irin wannan takarda, da ya so da ya yi zamansa a Turai. Bai yi ba. Da Gine ta zaɓi ƴancin kai a 1958, Faransawa suka kwashe ma'aikatansu, shi kuwa ya tafi Konakri koyarwa. Daga baya ya je Tarayyar Sobiyet ya zurfafa ilimin makamashin rana, sannan a 1964 ya kafa ɗakin binciken wannan fanni a Bamako. A shekarar ce littafinsa kan ilimi a Afirka ya fito, inda ya kare koyar da yara cikin harsunansu da haɗa karatu da aikin hannu.

A 1969 ya komo gida ya riƙe ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, har zuwa 1985. Cikin waɗannan shekaru ya kuma shugabanci jami'ar Yamai daga 1979. A ONERSOL ba bincike kaɗai ake yi ba, ƙira ake: abin ɗuma ruwa, murhun girki, na'urar tace ruwa da ta busar da kayan gona, duk da zafin rana suke aiki, kuma ƴan ƙasa ne ke haɗa su. Dalili a fili yake. Itace na ƙarewa, mata na ƙara nisa wajen nemansa, a lokacin man fetur sai an sayo daga waje, rana kuwa ga ta nan kyauta. Farin 1973 da na 1984 sun nuna gaskiyar wannan lissafi.

Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa, kuma duk 7 ga Afrilu Nijar na bikin ranar makamashi mai sabuntuwa don tunawa da shi.

To, me ya shafe mu? A Nuwamba 2018 aka buɗe tashar lantarkin rana mai megawat 7 a Malbaza, ta farko irinta a Nijar. Yau pano na kan rufin ɗakuna da likitocin ƙauye, yana cajin salula, yana ɗago ruwa a garkunan albasa. Sai dai kusan duka kayan daga waje ake kawo su, kuma in batir ko famfo ya lalace, sau da yawa sai an jira mai gyara daga birni, shuka na bushewa.

Nan ne aikin Farfesa ya rage a cika. Yaron da ya iya girka pano, ya auna batir, ya gyara famfo, yana da sana'a a garinsu ba sai ya tafi cin rani ba. Iyaye, ku tura yara maza da mata cibiyoyin koyon sana'a. Ƴan uwa na ƙetare, in kun aiko da kuɗin pano, ku haɗa da na koyon gyaransa.

Allah ya jiƙan Farfesa Abdou Moumouni, ya sa ya huta.