Malam Sa'adu Zungur da Tsofaffin Soja

A ƙauyenmu, kusa da Ɗambatta, na fara jin sunan Malam Sa'adu Zungur daga bakin kakana, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Bama. Malam Sa'adu mutumin Bauchi ne, shi ya tsara waƙar Maraba da Soja don tarbar sojojinmu bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

An fi saninsa da siyasa da waƙa, amma ni aikinsa na farko ya fi jan hankalina. Bayan Kwalejin Katsina ya tafi Yaba, a Ikko, a 1934. Daga baya ya koyar a makarantar haɗa magunguna ta Zariya, watau inda ake koyon awon magani daidai. Ciwon ƙirji ya daɗe yana damunsa, ya rasu a 1958 bai kai hamsin ba.

Kakana ma tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa. In ciwon ƙafarsa ya tashi, ƙwayoyin 'yan talla yake sha, waɗanda suka yini a rana, ba awo. Hutun bara na ɓoye su, Baba ya kai shi asibiti. Kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.