Duke Kahanamoku na Tsibiran Hawayi (1890–1968)

An haifi Duke Kahanamoku a Honolulu ranar 24 ga Agusta, 1890, lokacin da Hawayi take masarauta mai cin gashin kanta. Bai cika shekara uku ba aka tsige Sarauniya Liliuokalani, a 1893, bisa makircin attajirai fararen fata da goyon bayan sojan ruwan Amurka. A 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Ke nan duk lambar yabon da ya ci a rayuwarsa, ƙarƙashin tutar ƙasar da ta rushe sarautar mutanensa ya ci ta.

A gaɓar Waikiki ya tashi, inda ya gwanance a ninƙaya da hawan igiyar ruwa bisa katako, wasan gado da ya yi rauni ƙwarai a ƙarni na 19. A Agustan 1911, a tashar jiragen ruwa ta Honolulu, ya ninƙayi yadi 100 cikin daƙiƙa 55.4, ya zarce bajintar duniya da fiye da daƙiƙa huɗu. Hukumar wasanni ta Amurka ta ƙi amincewa, ta ɗora abin a kan kuskuren agogo da gudun ruwa. Da wuya a raba wannan shakka da rainin da ake yi wa 'yan asalin tsibiran a wancan zamani. Amsarsa ta zo a gasar Olamfik ta Stockholm a 1912, inda ya ci zinare a mita 100. Ya maimaita a Antwerp a 1920. A Paris a 1924 ya zo na biyu bayan Johnny Weissmuller, ƙanensa Samuel kuma na uku. Shekara guda bayan haka, a gaɓar Kalifoniya, ya ceto mutum takwas da katakonsa daga wani jirgin kamun kifi da ya kife.

Siyasa ta biyo bayan suna. Jama'ar Honolulu sun zaɓe shi sherif, wato jami'in da ke riƙe da gidan yari da zartar da umarnin kotu, wa'adi 13 a jere. Ta wannan kujera ce sunansa ya shiga littattafan lauyoyi, shi da bai karanta shari'a ba. Bayan harin Pearl Harbor na 1941 an kafa dokar soja a Hawayi, kotunan soja suka riƙa hukunta farar hula. Wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa, Lloyd Duncan, ya ƙalubalanci ɗaurin da aka yi masa, kuma tun da yana tsare a hannun sherif, Kahanamoku ne aka rubuta a matsayin wanda ake ƙara. A 1946 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Duncan gaskiya, ta ce dokar da ta kafa mulkin tsibiran ba ta ba soja ikon maye gurbin kotunan farar hula ba.

Ya rasu ranar 22 ga Janairu, 1968, aka watsa tokar gawarsa a tekun Waikiki.