MWALIMU JULIUS NYERERE: MALAMIN MAKARANTA DA YA ZAMA SHUGABAN ƘASA

Ran 14 ga watan Oktoba na shekarar 1999 ne Allah ya yi wa Julius Kambarage Nyerere rasuwa a wani asibiti a birnin London, yana da shekara 77, bayan ya yi fama da sankarar jini. Mutumin nan ya riƙe ragamar ƙasarsa shekara 24, amma har ya bar duniya mutanen Tanzaniya ba su daina kiransa Mwalimu ba, watau Malam da harshen Suwahili.

An haife shi ran 13 ga Afrilu 1922 a ƙauyen Butiama, gabas da Tabkin Victoria. Mahaifinsa, Nyerere Burito, sarki ne na ƙabilar Zanaki, mai mata da yawa, mai bin addinin gargajiya. Yaron ya tashi yana kiwon awaki, sai da ya kai shekara 12 aka sa shi makarantar elementare a Musoma. Daga nan ya wuce makarantar gwamnati ta Tabora a 1937, sa'an nan Kwalejin Makerere ta Uganda, inda ya sami takardar shaidar malanta. A ƙarshen 1943, bayan rasuwar mahaifinsa, aka yi masa baftisma ya shiga ɗarikar Katolika, ya ɗauki sunan Julius.

Da ya gama Makerere, makarantu biyu suka nemi ya koyar musu a Tabora, ta gwamnati da ta Mishan. Ya zaɓi ta Mishan, watau St. Mary's, ko da ya ke albashinta bai kai na gwamnati ba. A 1949 ya tafi Jami'ar Edinburgh a ƙasar Birtaniya, ya komo da digiri a 1952. Cikin watan Janairu 1953 aka ɗaura masa aure a coci da Maria Gabriel, ya kama aikin koyarwa a Kwalejin St. Francis da ke Pugu, kusa da Dar es Salaam.

A can ne siyasa ta same shi. Ran 7 ga Yuli 1954 aka kafa jam'iyyar TANU mai neman mulkin kai, aka ba shi shugabancinta. Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗanda suka tsaya masa a Dar es Salaam Musulmi ne, irin su Abdulwahid Sykes, da Shaihu Suleiman Takadir, da Bibi Titi Mohammed wadda ta tattaro masa mata. Baƙo ne a garin, Kirista kuma, amma dattawan gari suka karɓe shi hannu bibbiyu. Da ya komo daga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1955, ya zama tilas ya zaɓi ɗaya, ko alli ko siyasa. Ya ajiye alli, ga iyali, ba kuwa wani albashi da ke jiransa.

Tanganyika ta sami mulkin kai ran 9 ga Disamba 1961. A 1964 ta haɗe da tsibirin Zanzibar aka sami Tanzaniya. Da mulki ya zo hannun Mwalimu, sai ya mai da ƙasar tamkar babban aji. Ya sa aka riƙa koyar da yara da Suwahili a makarantun firamare, harshen da ya haɗa kan ƙabilu fiye da 100. A 1967 ya fito da tsarin ilmi don dogaro da kai, inda kowace makaranta za ta haɗa karatu da noma ko sana'ar hannu. Shekarar 1970 aka keɓe ta don yaƙi da jahilci, a 1977 kuma aka soma ilmin firamare ga kowane yaro, shekara guda bayan Nijeriya ta soma nata. Duk da hidimar mulki, ya sami sukunin juya wasannin Shakespeare guda biyu zuwa Suwahili.

Game da addini kuwa, mutum ne mai yawan ibada. Kusan kullum da sassafe yakan je coci ya zauna cikin jama'a kamar kowa. Iyalinsa kuma suna zaune a gidansa na unguwar Msasani, fadar gwamnati ta zama wurin aiki kawai. Dokar da ya kafa wa shugabanni bayan Sanarwar Arusha ta 1967 ta hana su cin albashi biyu, da sayen hannun jari, da gina gidajen haya, ta kuma hau kan matansu. Gidansa bai kuɓuta daga wannan doka ba. Ko abokan hamayyarsa ba su zarge shi da tara dukiya ba.

Amma fa mutum tara yake bai cika goma ba. Shirinsa na Ujamaa, watau tara manoma a ƙauyuka su yi noman gayya, ya koma na tilas tsakanin 1973 da 1976, aka tashi miliyoyin mutane daga gonakinsu, abinci ya yi ƙaranci, tattalin arziki ya tsuke. Ya yi mulki da jam'iyya ɗaya, an kuma tsare mutane ba shari'a. Musulmi da dama sun ji haushin rushe babbar ƙungiyarsu ta Afirka ta Gabas da gwamnati ta yi a 1968. Ita kanta Bibi Titi ta sha ɗauri bisa zargin cin amanar ƙasa, kafin ya yi mata afuwa a 1972.

'Yan Nijeriya ma suna da tasu ƙorafin. A 1964, da sojojin Tanganyika suka yi tawaye, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta aika masa da bataliya guda ta taya shi tsaron ƙasa. Sai ga shi ran 13 ga Afrilu 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Tanzaniya ta zama ƙasa ta farko da ta amince da Biyafara. Hujjarsa ita ce jinin da aka zubar da wahalar da farar hula ke sha. Wannan mataki ya ɓata wa Ikko rai ƙwarai, sai bayan an gama yaƙi a 1970 aka shirya.

A watan Nuwamba 1985 ya yi abin da ba safai ake gani ba a Afirka ta wancan zamani: ya sauka da kansa, ba juyin mulki, ba kora. Bai ɓoye cewa wasu daga cikin manufofinsa sun gaza ba. Wanda ya gaje shi, Ali Hassan Mwinyi, Musulmi ne daga ɓangaren Zanzibar, shi ma tsohon malamin makaranta. Mwalimu ya koma Butiama ya kama fartanya. Daga can ake ɗauko shi idan an sami rikici, kamar sulhun Burundi da yake shugabanta har cuta ta kwantar da shi.

An binne shi a Butiama, ya bar matarsa Maria da 'ya'ya da jikoki. A 2005 cocin Katolika na Musoma ya soma binciken rayuwarsa don a duba ko ya cancanci shiga sahun waliyyansu, aka ba shi laƙabin Bawan Allah. Ranar rasuwarsa kuwa, 14 ga Oktoba, ta zama ranar hutu a Tanzaniya kowace shekara.