Sardauna da audugar Arewa: daga gonar gwaji ta Samaru zuwa masaƙun Kaduna

Idan aka ambaci marigayi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, abin da ke fara zuwa wa mutane shi ne siyasa da sarauta da addini. Ba a cika tuna cewa shi ne ya yi ƙoƙarin haɗa mai bincike da manomi da mai masana'anta a kan igiya ɗaya ba, alhali kowannensu na jan ta zuwa nasa ɓangaren.

An haife shi a Rabah a 1910, cikin zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato, a 1934 kuma ya zama hakimin Rabah. Ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938 bai samu ba, sai aka naɗa shi Sardauna, aka tura shi Gusau. Gusau kuwa ƙasar auduga ce. A can ya zauna kusa da manoman da ke kai kayansu kasuwar awo, a gurje, a ɗaure, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas, daga nan sai masaƙun Ingila, sannan a dawo musu da ita a matsayin yadi mai tsada.

Lokacin da ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya tarar da tashar binciken noma ta Samaru, kusa da Zariya, wadda Turawa suka kafa tun 1922. Aikinta ya fi karkata ga amfanin gonar da ake fitarwa waje, wato auduga da gyaɗa. Gyaɗar ƙasar Haɗeja ma ta wannan hanya take bi, ta tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori da ke maƙwabtaka da Kaugama, zuwa dalar Kano. Hukumar sayen amfanin gona ce ke yanka farashi, rarar da ta tara kuma da ita gwamnati ke ayyukan raya ƙasa.

Da irin wannan kuɗi aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, bisa haɗin gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Kafin rasuwarsa wasu masaƙun sun biyo baya, ciki har da Arewa Textiles da aka yi da Japanawa. Sai ga auduga ɗaya da masu nema uku. Hukuma na son ta saya da araha ta sayar a waje. Masaƙa na son wadatacciya mai kyawun zare. Manomi kuma na son farashin da zai biya guminsa.

Ranar 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe jami'ar Zariya mai ɗauke da sunansa, shi ne kuma ubanta na farko. A shekarar ce aka cire tashar Samaru daga Ma'aikatar Gona aka miƙa wa jami'ar, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda aka fi sani da IAR. Nan ne matsalar take. Malamin jami'a da koyarwa da rubuce-rubucen bincike yake samun ƙarin girma, ita kuwa ma'aikata irin da zai yi kyau a daminar baɗi take jira. Maganin da aka samo shi ne a bar cibiyar a cikin jami'a amma da hukumar gudanarwarta, kuɗin aikinta kuma ya ci gaba da fitowa daga gwamnatin Arewa. Wato jami'a ta riƙe malamai, gwamnati ta riƙe lalita. A 1963 ma'aikatar ta kafa wani sashe da zai riƙa sauƙaƙa sakamakon bincike ya kai wa malaman gona. Shi ne daga baya ya zama NAERLS.

Akwai wani matsin da ya fi wannan zafi a siyasance. Sardauna ne jagoran manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, amma Arewa ba ta da isassun masana kimiyya a lokacin. Bai yi jinkirin ɗauko baƙi ba. Shugaban jami'ar na farko, Norman Alexander, ɗan New Zealand ne da aka ɗauko daga Ibadan, sannan Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ta taimaka wajen gina tsangayoyin noma da likitancin dabbobi. Masu suka sun ce ya gwammace Bature a kan ɗan Kudu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Lissafinsa shi ne Bature ɗan kwantaragi ne, wa'adinsa na cika zai bar kujera ga ɗan Arewan da aka horar.

A ganina, wanda bai samu kujera a wannan tsari ba shi ne manomi. Masanan Samaru sun daɗe suna ba da shawarar a shuka auduga a watan Yuni, a yi feshi, domin a gonar gwaji haka ta fi yabanya. Manomi kuwa sai ya gama da gero da dawa tukuna, ya waiwayi auduga a Yuli. An yi ta ɗaukar hakan a matsayin taurin kai. Sai da masu binciken tattalin arzikin karkara na jami'ar, irin su David Norman, suka zauna a ƙauyukan Zariya suna ƙirga kwanakin aiki, aka gane cewa hannun da zai yi noman auduga a Yuni shi ne wanda ke noman abincin gida, kuma farashin hukuma bai kai a bar rumbu wayam ba.

Sardauna bai ga ƙarshen wannan bincike ba. Sojoji sun kashe shi a gidansa da ke Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966, jami'ar ba ta cika shekara huɗu ba.

Cibiyar ta rayu, ta koma hannun gwamnatin tarayya a 1975. Har yau tana fitar da iri masu sunan Samaru a gaba: SAMCOT na auduga, SAMNUT na gyaɗa, SAMSORG na dawa, SAMMAZ na masara. Kaduna Textiles kuwa ta rufe ƙofa a 2002, ta bar dubban ma'aikata suna bin haƙƙoƙinsu.